Kilabiye mai suwic na hannu da haruffan Jamus: in saya ko in bari?

Ɗalibi, Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman kilabiye mai suwic, irin wanda kowane maɓalli ke da nasa ɗan inji a ƙarƙashi, ba na roba da muka saba gani a biro ba. Jaka 20 na sefa ne a hannuna, sabo ya fi ƙarfina, shi ya sa na koma na hannu. Tsakanin Katako da shagunan kayan kwamfuta na kusa da Babbar Kasuwa na ga guda uku da kuɗina za su kai:

Na farko cikakke ne mai lambobi a gefe, amma akwai Ü, Ö da Ä a kansa, kuma an rubuta Strg a inda ya kamata a ga Ctrl. Na biyu gajere ne, ba lambobin gefe, yana da fitilu, QWERTY ne, tsarin Ingilishi. Na uku Cherry ne tsoho, AZERTY sak, tsarin Faransa, an rubuta G81 a bayansa, filoginsa mai zagaye.

Aikina rubutun Faransanci ne, sai Hausa jefi-jefi. Zuciyata ta fi kwanciya da na ukun tunda haruffanmu ne. Ko akwai abin da ban gani ba? Kuma me zan gwada kafin in miƙa kuɗi, tunda kayan hannu in ka fita da shi ya zama naka?

Malamin kwamfuta, Tawa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Abin da ya kamata ka fara sani: kilabiye bai san harafi ba. In ka danna maɓalli, lambar gurbinsa kawai yake aika wa kwamfuta, ita ce ke yanke ko A ne ko Q, gwargwadon tsarin da aka zaɓa a Windows. Rubutun da ke kan huluna, wato robobin saman maɓallan, fenti ne. Saboda haka ka daina kallon fentin, ka kalli ƙirar jikin.

Ƙira biyu za ka yi ta haɗuwa da su. Ta Turai, wadda ake kira ISO, Enter ɗinta babba ne ya hau layi biyu, Shift na hagu gajere, kuma tsakaninsa da harafin farko na layin ƙasa akwai ƙarin maɓalli ɗaya. Cikakkenta maɓalli 105 ne, marar lambobin gefe 88. Ta Amurka, ANSI, Enter a kwance yake a layi ɗaya, Shift na hagu dogo, wancan ƙarin maɓallin babu shi: 104 ko 87. AZERTY na Faransa ISO ne. Na Jamus ISO ne, haka na Ingila, Spain, Italiya da Suwidin. Wato na farkon da ka gani, mai Ü da Ö, na Jamus ne, kuma jikinsa da na AZERTY uwa ɗaya uba ɗaya. Ka sa shi, ka bar Windows a kan Français, kowane maɓalli zai ba ka abin da yatsanka ya saba, har da é, è, ç, à da ù, ba wanda zai ɓata.

A haruffa 26, guda 20 ma fentinsu daidai yake da abin da zai fito. Shida ne suka saɓa: A, Q, Z, W, Y da M. In na Ingila ne, wanda za ka gane da alamar £ a kan 3, biyar ne kawai, don Y ɗinsa na nan a wurinta. Inda bambancin ya yi yawa shi ne layin lambobi na sama da alamomin rubutu na gefen dama. Wanda yake rubutu ba ya duban hannu, wannan ba zai dame shi ba ko kaɗan. Sauran rubutun Jamusanci kuwa a yini ɗaya ka haddace: Strg shi ne Ctrl, Entf shi ne Suppr, Einfg shi ne Inser, Pos1 yana kai ka farkon layi.

Na biyun, in Enter ɗinsa a kwance yake, za ka yi asarar maɓalli ɗaya a tsarin Faransa, shi ne mai < da >. Maɓallin * da µ ba ya ɓata, sai dai ya koma saman Enter. Da yana da lambobin gefe, sai ka riƙe Alt ka buga 60 ko 62 ka samu alamomin, amma ka ce gajere ne, to wannan ƙofar ma a rufe take. Sai dai a mayar da wani maɓalli da ba a amfani da shi ya riƙa yin aikin, ta wata ƴar manhaja.

Na uku kuwa, wanda ranka ya kwanta da shi, shi ne zan ce ka ja baya. Cherry ne da gaske, amma G81 ba suwic na MX, irin wanda kake nema, ne a cikinsa ba. Nasa ana ce masa MY: sifirin ne a sama, ledar lantarki a ƙasa, dannawa da tauri, kuma ba a cire guda a canza. Masu MX su ne jerin G80. Ga kuma filogin: mai zagayen nan ƙarami mai ƙafa shida PS/2 ne, babba mai ƙafa biyar DIN ne, ya ma fi tsufa. Ƴar adaftar USB koriya ko shunayya da ake sayarwa da araha waya ce kawai a ciki, ba ta fassara komai. Sai wadda ke da ɗan guntun lantarki a cikinta, kuma kuɗinta daban.

Sai dai kar ka raina shi gaba ɗaya. Hulunan G81 ramin giciye gare su, yawancinsu suna hawa kan suwic na MX. In mai shago zai sakar maka shi da arha sosai, ka saye shi don hulunansa kawai, ka kwashe duk sashen haruffa da layin lambobi ka ɗora wa na Jamus. Ka ga ka tashi da AZERTY mai suwic. Duk sashen za ka kwashe, ba ɗaya-ɗaya ba, don tsayin hulunan Cherry bai kai na sauran kamfanoni ba.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Yamai

Malam ya gama maganar tsari. Ni bari in yi ta gwaji, don a nan kuɗi ke halaka.

Ka tafi da abu uku: waya mai caji, adaftar OTG mai haɗa kilabiye da wayar, da abin cire hula. In ba ka da shi, lanƙwasa kilif ɗin takarda biyu su zama ƙugiya. Kafin komai, cire hula ɗaya daga tsakiya. Ka ga ƙaramin giciye, ja ko ruwan ƙasa ko shuɗi ko baƙi, a cikin gidansa mai kusurwa huɗu? To mai suwic ne. In roba mai tudu ka gani a ƙasa, ajiye shi, ko da an cika shi da fitilu an rubuta na wasa ne a kwali. Irin waɗannan sun yi yawa. Karanta sunan da ke jikin suwic ɗin kuma: Cherry, Gateron, Kailh, Outemu, dukansu giciye ɗaya ne, hula ɗaya ke hawansu. In ka ga rami mai kusurwa huɗu da haske a tsakiya, hula mai ƙafafu huɗu, Romer-G ne na wasu Logitech. Yana aiki, amma in ƙafar hula ta karye ko suwic ya mutu, samun madadinsa a garin nan aiki ne.

Launin yana gaya maka halinsa. Ja yana sauka sumul ba tangarɗa. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar dannawa, shi masu rubutu suka fi so. Shuɗi yana ƙas-ƙas da ƙara, in ɗaki ɗaya kuke kwana da wani za ku yi faɗa. Baƙi kamar ja ne amma ya fi nauyi.

Sannan gwaji. Haɗa shi da waya, buɗe wurin rubutu, ko shafin gwada maɓallai in kana da intanet. In fitilu suka kama suna mutuwa, wutar wayar ce ta yi kaɗan, kashe fitilun ko ka roƙi kwamfutar shago. Kowane maɓalli ka danna shi sau goma a hankali, kana ƙirgawa. Goma ka danna, goma za ka gani. In sha ɗaya ko sha biyu suka fito, suwic ɗin yana ninka harafi. Dalili: a cikinsa ƙarfe biyu ne sirara suke taɓa juna, kuma duk taɓawa sai sun ɗan yi rawa. Kilabiye yana jira kamar kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa rawar ta lafa. In ƙura ko tsatsa ta hau ƙarfen, rawar ta wuce wannan lokacin, sai ya ɗauka dannawa biyu aka yi. E, A, S, W, D da dogon maɓallin tazara su suka fi shan wahala, musamman in mai wasa ne ya riƙe shi a can. Ka ninka gwajinsu.

Yadda za ka auna lalacewa:

Maɓalli ɗaya ko biyu a warwatse ba sa aiki: suwic ne ko dalmarsa ta tsage. Gyaran minti goma ne. Saya, amma a rage kuɗi.

Maɓallai da yawa a jere, layi guda a kwance ko a tsaye, sun mutu tare: hanyar wuta ce ta yanke a allon, ko ƙwaƙwalwar ta taɓu. Maɓallan a saƙe suke layi-layi, shi ya sa suke mutuwa rukuni. Bar shi.

Maɓalli yana sauka ya daɗe bai dawo ba, ko yana ɗanko: abu mai sukari ya zube. Haska fitilar waya tsakanin huluna ka duba farantin ƙarfen. In ka ga tsatsa ko tabo ya bazu, ruwan ya isa ƙasa.

Kana rubutu ka murɗa wayar kilabiyen kusa da inda ta shiga jiki. In ya ɗauke ya dawo, wayar ta karye a ciki. Mai sauƙi ne, zare huɗu ne. In mai cirewa ce kuma ramin mini ko micro USB ɗin yana girgiɗi, wannan ya fi wuya, don sau da yawa yakan taso da tagullar allon.

Abu biyu da suke kama da lalacewa alhali lafiya lau: maɓallin Windows ya ƙi aiki, ko W, A, S, D sun koma kibiyoyi. A kan masu arha da yawa kulle ne, Fn da Windows ko Fn da W ke buɗe shi. Gwada kafin ka yanke hukunci.

Marar waya kuwa, in ɗan makullin USB ɗinsa ba ya nan kuma ba ya Bluetooth ko waya, kada ka taɓa. Ɗora shi a tebur ka ga ko bayansa ya yi ciki. Batir ne ya kumbura, zafinmu na watan Afrilu ba ya raga masa.

Game da kuɗi: kar ka zuba jaka 20 duka a kan kilabiye. Ajiye kamar kashi ɗaya cikin uku don gyara da huluna.

In ka kai gida, ɗauki hotonsa kafin ka cire komai. Jiƙa huluna a ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke na awa ɗaya, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa giciyen yana kallon ƙasa, yini guda cur. Ruwa yana maƙalewa a ramin. Ruwan zafi da rana suna lanƙwasa dogon maɓalli. Jikin kuma buroshin fenti busasshe, a kife. Suwic mai ninka harafi: cire filogi, danna giciyen ƙasa, ɗiga alkol isofurofil ɗigo biyu ko uku a gefensa, irin mai kashi 99 da muke wanke allon waya da shi, ka danna sau hamsin, ka bar shi awa ɗaya. Alkol ɗin shafa wa rauni yana da ruwa da yawa, wani ma da kafur a ciki. Fetur, tina da abin goge farce suna narka roba. Man feshi na kwance ƙusa kuwa ƙura yake kira, a lokacin hunturu sati biyu ya ishe shi ya zama taɓo.

In wankin bai yi ba, canji. Ƙafa biyu ne a dalmace, huɗu in fitilarsa daban take. Ƙarfen dalma a kan digiri 350, ƙara sabuwar dalma kaɗan a kan tsohuwar don ta narke da wuri, zuƙe da famfo, kada ka wuce daƙiƙa uku ko huɗu a wuri ɗaya, in ba haka ba zoben tagullar ya ɗago. Ba sai ka sayi suwic ba ma: ciro na Pause ko na Rollen, wanda Faransawa ke rubuta wa Arrêt défil, ka musanya su. Wa ke danna su?

Ɗalibi, Yamai

Allah Ya saka da alheri, Malam da maigida. Na fahimta, na Jamus ɗin zan koma in gwada. Tambaya biyu suka rage. In G81 ɗin bai samu ba, ba zan iya ciccire hulunan na Jamus in jera su yadda AZERTY yake ba? Sannan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ fa, ta ina zan fitar da su?

Mai rubuta manhaja, Yamai

Jerawar ba za ta yi maka daɗi ba ɗan'uwa. Huluna ba tsayi ɗaya gare su ba, kowane layi da nasa gangare, kamar matakala. A ta layin tsakiya ce, in ka kai ta sama za ta nutse. Q ta sama ce, in ta sauko tsakiya za ta yi tsini ƙarƙashin ƙaramin yatsa. W, Y da M duk haka. Z kaɗai za ta zauna daidai, don a na Jamus dama a layin sama take. Ga shi layin lambobin ba abin da za ka jera, & é " ' irin na AZERTY ba su a cikin saitin. Ido zai ga AZERTY, yatsa ya ji tsakuwa a takalmi. Sai in hulunan irin masu tsayi ɗaya ne, DSA ko XDA, kuma da wuya ka gan su a kayan hannu.

Sitika ta fi wannan. Goge hular da alkol ta bushe, ka manna da hantsaki, kuma waɗanda suka saɓa kawai, kar ka lulluɓe duka. Zufa da zafi za su ci gefenta, ka sa a ranka abin canzawa ne. In kuma saitin huluna za ka yi oda, duba layin ƙasa tukuna. Awon da aka saba, dogon maɓalli faɗin maɓalli 6.25 ne, maɓalli ɗaya kuwa milimita 19. Tsofaffin Corsair 6.5 ne, tsofaffin Razer BlackWidow 6, saitin gama-gari ba ya rufe su. Kuma saitin AZERTY mai kyau yakan iya fin kilabiyen naka tsada, don kasuwarsa ƙarama ce.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne na biyun. Ban ga dalilin yar da shi ba in suwic ɗinsa sun fi lafiya. Maimakon a tilasta masa tsarin Faransa, a bar shi a QWERTY ɗinsa a zaɓi États-Unis International. Fenti da abin da ke fita sun zama ɗaya, lambobi ba sa neman Shift, baka-baka da sauran alamomin da mai rubuta manhaja ke bugawa dare da rana duk suna kusa. Wasulan Faransanci kuwa da bugu biyu: ' sai e ya ba da é, ` sai e ya ba da è, ^ sai e ya ba da ê, ' sai c ya ba da ç. Har manyansu, É da Ç, waɗanda AZERTY na Windows da muka saba ba ya bayarwa kai tsaye.

Aibinsa ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne: alamar ' tana jiran harafin da ke biye. Ka so rubuta l'ami sai ka ga lámi, dole ka danna tazara bayan alamar. A Hausa ma yana cizo: sa'a, ma'aikata, jami'a, duk sai da wannan tazarar, kuma mai rubuta 'ya'ya irin na Najeriya zai ga ýaýa. Mai dogon rubutun Faransanci da hannunsa ya riga ya saba AZERTY, kamar kai, gaskiyar Malam ce, na Jamus ya fi maka.

Haruffa masu lanƙwasa: Windows yana da tsarin Hausa a cikinsa, an gina shi a kan QWERTY, AltGr, wato Alt na dama, da b, d, k ko y ke fitar da su. Ka ƙara shi ta Paramètres, Heure et langue, Langue et région, sai maɓallin Windows da tazara ya riƙa juya ka tsakanin biyun. Wahalar ita ce duk juyawa A da Q sai sun yi musanya, kai ya ruɗe. Abin da ya fi: ɗauko Microsoft Keyboard Layout Creator, kyauta ne, buɗe tsarin Français a ciki, ka ɗora ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a kan AltGr da b, d, k, y, manyansu a kan AltGr da Shift. Guraben nan huɗu babu komai a cikinsu a tsarin Faransa. Lambobinsu: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4, manya 0181, 018A, 0198, 01B3. In kwamfutar ba taka ba ce, a Word ka rubuta lambar ka danna Alt da X, harafin zai fito.

Malamin kwamfuta, Tawa

Na yarda da maganar États-Unis International ga mai manhaja. Zan ƙara gargaɗi biyu ga duk wanda zai riƙa juya tsari.

Shafin shiga Windows yana da nasa tsarin, ba lallai ya bi wanda ka zaɓa a ciki ba. Kalmar sirri mai a, q, m ko lamba za ta ƙi shiga, mutum ya yi ta zargin sabon kilabiye. Duba kusurwar dama ta ƙasa ka ga ko FRA ne ko ENG. Don a daidaita su dindindin: Panneau de configuration, Région, Administration, Copier les paramètres, ka sa alama a kan shafin maraba. BIOS kuwa, wato saitin da ke fitowa kafin Windows ya tashi, yawanci QWERTY na Amurka yake ji, ko mene ne a rubuce a kan huluna. In za ka sa masa kalmar sirri, zaɓi haruffan da ba sa motsi a kowane tsari.

Na biyu, ba duk AZERTY ne na Faransa ba. Kayan da ke fitowa daga Beljiyam haruffansu ɗaya da namu amma alamomi sun sha bamban. Duba @: in a kan maɓallin 2 take, na Beljiyam ne, na Faransa a kan 0 take. Ko ka zaɓi tsarin Belge a Windows fenti ya yi daidai, ko ka bar Français ka manta da fentin alamomin. Na Suwizalan ma yana ruɗi, za ka ga é, è, à a gefen dama ka ɗauka namu ne, alhali QWERTZ ne, jerin haruffa irin na Jamus. Jikinsa ISO ne, don haka hukuncinsa ɗaya da na Jamus. Wanda zan ce a kauce wa shi ne na Japan, mai gajeren maɓallin tazara da ƙananan maɓallai a gefensa biyu, don ba saitin hular da zai dace da shi a nan.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Yamai

Na manta abu ɗaya. In ka cire hula ka ga suwic ɗin yana fita da ɗan matsi ba dalma, mai soket ne, ka yi sa'a, canji ba ya neman wuta. Amma duba irin soket ɗin. A kan masu arha da ke zuwa da Outemu, ramukan ƴan siraran bututu ne, ƙafar Cherry ko Gateron ta fi su kauri, in ka tura da ƙarfi ko ƙafar ta lanƙwashe ko soket ya ɓalle ta baya. Outemu za ka nema masa. In sabon suwic yana da ƙafa biyar allon kuma rami uku gare shi, yanke ƙananan biyun na roba da abin yanke farce, zai zauna. Suwic mai aiki da haske, wanda ba shi da ƙafar ƙarfe ko ɗaya, ba ya shiga gurbin na MX, na MX ma ba ya shiga nasa.

Manyan maɓallai kuma, tazara da Enter da Shift, ka danna su a kowane gefe a shagon. In gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya tsaya, wayar ƙarfen da ke daidaita su ta fita daga maƙalinta ko ƴar robar ta karye. In fita ce, mayarwa ne kawai. In karyewa ce, ka ce mai shago ya haɗa maka da ta wani mataccen kilabiye kafin ku gama ciniki, don ita kaɗai ba a sayar da ita a kasuwa.